Allon sulun gem ɗina ya yi nauyi kamar baro, a ina na kuskure?

Mai_Ƙira ya rubuta:

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Wata biyar ke nan, kullum da dare in na taso daga aiki sai in zauna haɗa wani ɗan gem na sikeitbod, wato allon sulu mai taya huɗu, a Godot 4, manhajar haɗa gem. Burina shi ne irin gem ɗin da mutum zai ɗauki hannu, kafin minti ɗaya ya cika ya fara tashi sama yana juya allo, maki na hauhawa. Irin Tony Hawk's Pro Skater nake nufi, ba irin Session ko Skater XL ba, waɗanda kowace ƙafa da tata sandar analog.

Ga yadda na gina shi. Allon RigidBody3D ne, wato injin fiziks na Godot ne ke motsa shi, kowace taya da nata RayCast3D mai auna nisanta da ƙasa, ƙarfin jan ƙasa kuma na bar shi a 9.8 yadda ya zo. In kana kallonsa yana tafiya a shimfiɗaɗɗen fili wallahi sai ya burge ka, har ɗan karkata yake yi a kwana. Amma da zarar ya hau gangara mai lanƙwasa sai ya cilla gaba ya faɗa bayanta, maimakon ya tashi tsaye ya dawo ta inda ya fito. Dogon ƙarfen da ake gurzawa a kai kuwa, sai ka saita daidai wa daida, in ka kauce ko da faɗin yatsa ne ka sha ƙasa. Kombo kuma, wato jerin dabarun da ake haɗawa ba tare da yankewa ba, yana mutuwa da zarar taya ta taɓa ƙasa.

Jiya na ba ƙanena, ɗan shekara 13, ya gwada. Ina tsaye a bayansa. Sau bakwai ya nufi ƙarfen nan, yana karkata jikinsa gaba ɗaya tare da hannun gem ɗin, ya cije leɓe. A na takwas allon ya bugi gefen ƙarfen ya tashi yana wulwulawa shi kaɗai. Yaron bai ce komai ba, ya ajiye hannun a kan kujera a hankali, ya ce, "Yaya, in kunna wani?" Wannan kalmar ta tsaya mini a rai har yanzu.

To ku da kuka riga ni a wannan harka, in watsar da fiziks ɗin gaba ɗaya ne, ko akwai gyaran da zan yi masa? Yaya ake sa kombo ya ɗore? Sannan agogon minti biyu na kowane zagaye irin na Tony Hawk, in saka shi ko in bar mutum ya yi ta yawo?

Tsohon_Hannu ya amsa:

Wa alaikumus salam. Ƙanena, kada ka karaya, duk wanda ya taɓa gwada irin wannan gem ta nan ya fara. Amma ka saki RigidBody3D. Na san wata biyar ba wasa ba ne, sai dai abin da ka gina yana kwaikwayon allo na gaskiya ne, shi kuwa allo na gaskiya mutane kan yi makonni kafin su iya oli, wato tsalle da allo, guda ɗaya mai kyau. Ƙanenka bai zo koyon wannan ba.

Koma CharacterBody3D, ka riƙe gudun a hannunka. Ka raba halin ɗan wasan gida huɗu ko biyar: yana ƙasa, yana sama, yana gurzar ƙarfe, yana kan taya biyu, ya faɗi. Kowane gida da dokarsa, kuma kai ne kake rubuta ta, ba injin ba. Abu ɗaya da zai fara ba ka ciwon kai shi ne floor_max_angle, wanda Godot ya bari a digiri 45, duk abin da ya fi haka tsayuwa sai ya ɗauke shi bango. Gangararka tana kaiwa har digiri 90 a bakinta, don haka dole ka kula da wannan da kanka, kana juya ɗan wasan yana bin fuskar ƙasar da yake kai.

Maganar cillawa gaba kuwa, sirrin a bayyane yake ga duk wanda ya zura wa Tony Hawk ido. In ka tashi daga bakin gangara, gem ɗin yana kulle ka a layin bakin ne, ka hau tsaye ka sauko cikinta, ko da ka shigo a karkace. Kai ma ka sa alama a bakin kowace gangara. Lokacin da ɗan wasa ya bar ƙasa a wurin, ka share gudun da ke tura shi gaba, ka bar na sama da na gefe. Layi kaɗan ne, amma shi ne rabin daɗin gem ɗin.

Ƙarfe ma haka. Ka zana shi da Path3D, in mutum ya danna maɓallin gurza yana kusa, ka nemo wuri mafi kusa da shi a kan layin, ka jawo shi kai kamar mayen ƙarfe. Ni a nawa na fara da rabin mita, daga baya na ƙara, domin abin da ido ke gani a allo kusa ne sau da yawa a lissafi nesa ne. Ka kuma riƙe dannin maɓalli na ɗan lokaci, kamar firem 6 a cikin 60, wato kashi ɗaya cikin goma na daƙiƙa, ta yadda wanda ya danna da wuri kaɗan ba zai tashi a tutar babu ba. Jan ƙasa kuma ka ƙara shi sosai, ka ƙara ƙarfin tsalle ya bi shi. A 9.8 mutum yana shawagi ne kamar auduga.

Tambayar kombo tarihin Tony Hawk ya riga ya amsa ta. Na farko da Neversoft suka fitar a 1999 yana da irin matsalarka, in ka sauka ƙasa lissafi ya rufe. A na biyu, 2000, suka kawo manuwal, tafiya a kan taya biyu, sai ya zama gadar da ke haɗa wannan ƙarfe da wancan. A na uku, 2001, suka ƙara juyin da ake yi daidai lokacin saukowa daga gangara, wanda ya ba da damar shiga manuwal daga nan. Da waɗannan biyun fili gaba ɗaya ya zama zare ɗaya. Ka fara da manuwal, ka sa masa ma'aunin daidaito da ke ƙara taurin kai gwargwadon daɗewar mutum a kai. Maki kuma ka tara su ka ninka da yawan dabarun da aka jera, wadda aka maimaita darajarta ta ragu, wanda ya faɗi ya rasa duka. Tsoron rasa dukan nan shi ke sa tafin hannu gumi.

'Yar_Zane ta amsa:

Duk abin da Malam ya faɗa haka yake. Ni ta ɓangaren fili zan ƙara, don shi ne aikina. Kafin ka taɓa kwamfuta ka ɗauki takarda ka ja layin da kake so mutum ya bi ba tare da ya tsaya ba: gangara, ƙarfe, ɗan fili na manuwal, wani ƙarfen, sai gangarar da za ta juyo da shi. In akwai inda layin ya ƙare a jikin bango, to filin bai yi ba. Ƙarshen kowane ƙarfe ya riƙa nuna wani abu da za a hau. Ka tuna ɗakin ajiyar kaya da aka fara da shi a Tony Hawk na farko, ƙarami ne, amma duk inda ka juya akwai abin da ke jiranka.

Ka yi filin da akwatuna masu launin toka tukuna, kada ka ɓata lokaci a fenti. Abin da ba za ka jinkirta ba shi ne sauti. Ƙarar taya a kan siminti daban, a kan katako daban, sannan shirun da ke biyo baya in allo ya bar ƙasa. Wannan shirun da "ƙwas" ɗin sauka su ke gaya wa kunne cewa an yi tsalle, tun kafin ido ya gama gani.

Dan_Kombo ya amsa:

Ni dai ina da ja a wuri ɗaya, tare da girmamawa ga Malam Tsohon_Hannu. In mayen ƙarfen ya yi yawa gem ɗin zai zama shi ke buga kansa. Na taɓa buga wani da ko ka rufe ido za ka hau ƙarfe, kwana biyu na goge shi. Dubi OlliOlli na Roll7 da ya fito a 2014, a saukake yake, amma sai ka danna maɓalli daidai lokacin sauka, in ka yi sakaci mafi yawan makin da ka tara ya zube. Ka taimaki mutum wajen hawa, ka matsa masa wajen zama a kai da wajen sauka.

Agogo kuwa ka saka shi. Tun 720° na Atari a 1986, in ka tsaya ɓata lokaci gungun ƙudan zuma ne ke biyo ka. Minti biyu yana sa mutum ya ce bari in ƙara ɗaya, har dare ya raba. Na san a Tony Hawk na huɗu, 2002, sun cire shi daga babban wasan, suka bar mutum yana yawo yana karɓar aiki, amma wannan yana buƙatar manyan filaye da mutane da yawa masu gina su. Kai kuwa kai kaɗai ne.

Mai_Ƙira ya sake rubutawa:

Na gode ƙwarai, Allah Ya saka da alheri. Kwana tara na yi ina wannan aiki. Na koma CharacterBody3D, na kulle bakin gangara, na sa jan ƙarfe, amma na bi shawarar Dan_Kombo na sa ma'aunin daidaito mai ɗan tsauri. Sauti kuwa, Malama, biro na ƙwanƙwasa a tebur na naɗa da waya, shi ne ƙarar saukata a yanzu.

Ɗazu yaron ya sake gwadawa. A karo na biyu ya hau ƙarfen, ya gurza har ƙarshe, ya sauka a manuwal, ya kai gangara. Da agogo ya ƙare bai ko waiwayo ni ba ya danna sabon zagaye. Sai da na ƙirga masa zagaye goma sha ɗaya.

Sabuwar matsala ɗaya ta fito. In ya tashi tsaye daga gangara, kyamara tana binsa ta baya sai ta koma kallon sama, ba ya ganin inda zai sauka, sau uku ya faɗi saboda haka.

Tsohon_Hannu ya amsa:

Madalla, ƙanena. Kada kyamara ta bi hancin allo a wannan halin. Da zarar ya bar bakin gangara ka ɗaga ta sama da shi, ta leƙo ƙasa, gangarar ta kasance a cikin hoto har ya sauko. Ka yi juyin a hankali cikin firem goma zuwa goma sha biyar, in ka yi shi farat ɗaya zai sa jiri. Ka kuma sa ɗan inuwa zagayayye a ƙarƙashinsa daidai inda zai dira. In ka gama ka ɗauko mana bidiyon zagaye guda mu gani.