Ganyen moni filan ɗina na ta yin ruwan ɗorawa, ku ba ni shawara

Maman Ilham: Assalamu alaikum 'yan zaure. Don Allah ku taimaka min. Moni filan ɗin, wato shukar adon nan mai yaɗo da ake ajiyewa a ɗaki, da na saya wajen masu fulawa wata huɗu da suka wuce, ganyenta na ƙasa sai yin ruwan ɗorawa suke suna zubewa. Kuma kullum da safe sai na ba ta ruwa, ban taɓa fashi ba. Abin yana damuna.

Hajiya Babba: Wa'alaikumus salam. 'Yata, ai kullum ɗin nan shi ne ciwon. Shukar nan ta fi jure ƙishi a kan jiƙa. Ki riƙa zura yatsa cikin ƙasar har gaɓa biyu, in kin ji danshi ki ƙyale ta. Tukunyar tana da huda a gindi?

Maman Ilham: Babu, Hajiya. Irin ta tangaran ce mai ado.

Hajiya Babba: To yau ɗin nan ki zare ta ki duba saiwar. Lafiyayya fara ce mai ƙarfi. Wadda ta ruɓe za ki gan ta baƙi-baƙi, lugub, in kin matsa sai bayanta ya saɓule a hannunki, ga wari kamar na kwata. Ki datse duk ruɓaɓɓun da almakashi mai tsabta, ki maida ta tukunya mai huda. Ni nakan haɗa ƙasa da rairayi da ɗan dakakken gawayi, sai taki kaɗan wanda ya gama ruɓewa. Ta tangaran ɗin kuma ki saka mai hudar a cikinta, ki riƙa zubar da ruwan da ya taru.

Malam na Gona: Hajiya ta gama magana a kan ruwa. Ƙarin da zan yi shi ne, masana na kiranta Epipremnum aureum, asalinta daga tsibirin Mo'orea ne a tekun Fasifik, inda take hawa bishiyoyi a ƙarƙashin inuwarsu. Shi ya sa ranar la'asar ta wajenmu ke ƙona mata ganye. Kusa da tagar gabas, bayan labule marar kauri, ya wadatar. In kuma duhu ya yi yawa, zanen rawayan nan na ganyen yakan ɓace ya koma kore zalla. Sannan ki kafa mata sanda da aka naɗe da zaren ɓawon kwakwa, ki ɗaure reshen sako-sako. In 'yan saiwoyin da ke fitowa a gaɓoɓinta suka kama, sabon ganye yakan fi na baya faɗi.

Anti Amarya: Ni ruwan wankin shinkafa nake zuba wa tawa, kuma tana kyau.

Hajiya Babba: Amarya, na gwada, ƙananan ƙudaje ya tara min a falo. A cikin ɗaki dai ban ba da shawararsa ba. Abin da ya fi amfanarta da hunturu shi ne ki goge ƙurar ganyen da jiƙaƙƙen tsumma, sama da ƙasa, kuma kada iskar na'urar sanyaya ɗaki ta riƙa bugunta kai tsaye.

Baban Khalifa: Maman Ilham, na san kina da mai rarrafe. Ki ɗaga ta inda hannu ba ya kaiwa. In yaro ko kyanwa suka tauna ganyen, yana sa raɗaɗi da kumburin baki.

Maman Ilham: Subhanallahi, a ƙasa take kusa da kujera! Yanzu na ɗauke. Hajiya, na zare ta, fiye da rabin saiwar ta ruɓe, warin ma har tsakar gida. Za ta tashi kuwa?

Hajiya Babba: Insha Allahu. Amma ki yanki reshe biyu ko uku ki ajiye iri. Kowanne ya zama da gaɓa, wurin da za ki ga ɗan ƙullutu mai ruwan ƙasa a gefen ganye. Ki tsoma gaɓar a kwalbar ruwa, ganyen yana waje. Ki riƙa sauya ruwan duk bayan kwana uku saboda sauro. Nan da mako biyu zuwa uku ki turo mana hoton saiwar.