Wanda aka taɓa bin sawunsa ta waya, ya ba mu labari

Mai Atamfa, Garwa

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Wata uku da suka wuce na saya wa uwargida waya ta hannu a kasuwa a nan Kamaru, sefa dubu 35, ba kwali ba rasit. Ta sa pus ɗinta, wato katin SIM, ta yi sati biyu da ita lafiya lau. Ran wata Talata bayan la'asar sai ga jami'ai biyu cikin kayan gida suna cigiyar gidana, domin da katina na shaidar ɗan ƙasa aka yi rajistar layin. Ashe wayar ta wani ɗan acaba ce da aka sara, aka ƙwace masa babur. Suka shimfiɗa mini takarda a kan teburi, ga ranaku, ga awowi, ga eriyar kamfanin sadarwa da wayar ke kwana a ƙarƙashinta kowane dare, ta unguwarmu. Kwana biyu na yi a tsare kafin a kamo yaron da ya sayar mini. Har yau abin bai bar raina ba. An cire layin mai wayar, to ta ina suka biyo ta? Kuma wa ke ba da izinin buɗe wannan takarda?

Mai Gyaran Waya, Marwa

Wa'alaikumus salam Alhaji, Allah ya kiyaye gaba. Ba layin suka bi ba, jikin wayar suka bi. Kowace waya tana da lambarta mai alƙaluma 15, IMEI, ku danna *#06# za ta fito. Duk kiran da aka yi, kamfani na rubuta lambar pus, da lambar waya, da eriyar da ta ɗauki kiran. Ko an sauya pus sau goma, lambar jikin tana nan. Ranar da Hajiya ta kunna ta, ranar sunanku ya hau kanta.

Ni ma an taɓa zuwa shagona sau biyu a kan wayoyin da aka kawo gyara, don na gwada su da layina. Tun daga nan na ajiye littafi. Duk wanda ya kawo waya sai na rubuta lambar katinsa da IMEI, ko da ɗan maƙwabcina ne. Wasu na fushi, su ɗauki kayansu su tafi, ban damu ba.

Ɗan Fulanin Tuboro

Ni nawa ya sha bamban, mu muka je muna roƙo a bi waya. Da damina aka ɗauke Baffana daga ruga cikin dare. Masu garkuwar kan kira bayan kwana biyu ko uku, minti ɗaya, su kashe. Muka kai lambar, aka ce sai mai gabatar da ƙara ya sa hannu a takardar da za a kai wa kamfani. Kwana huɗu muna jira, ni da ƙanin mahaifina muna kwana a rumfar wani mai shayi. Da amsa ta zo, eriya ɗaya ce tak, kuma ƙasar da take ɗauka ta fi a zagaye ta a yini, duwatsu da kurmi har bakin iyaka. Jami'in ya ɗora tafin hannunsa a kan taswira ya ce suna cikin nan. Ƙarshenta shanu 14 muka sayar. Baffa ya dawo da ƙafafu a kumbure, ya ce mai kiran kan yi tafiyar rabin yini ya hau dutse kafin ya kunna waya, ba ya taɓa kira daga inda suke ɗaure.

Mai Gyaran Waya, Marwa

Sannunku ɗan'uwa, Allah ya mayar da alheri. Haka abin yake a daji. A cikin gari eriya na kusa da juna, ana iya tsuke wuri zuwa 'yan layuka kaɗan. A karkara eriyar 2G guda na iya kai wa kilomita 35, babu ta biyu da za a auna da ita.

Maman Biyu, Kusiri

Ku da ke nesa da iyaka ba ku san wani abu ba. Mu nan kogi ne kawai tsakaninmu da Njamena, kina zaune a tsakar gidanki waya ta kama rezon Cadi, wato sabis ɗin kamfanonin wayarsu. An taɓa tsare ɗan yayata ana ce masa ya ƙetare ranar kaza, alhali ranar yana kwance da zazzaɓi, ni na dama masa kunu. Sai da aka kawo takardar asibiti.

Sannan mata, don Allah mu daina ba da katinmu. Tun dokar 2015 da ta ce pus 3 kawai mutum zai mallaka a kamfani ɗaya, maza ke lallaɓa mu, Yaya ara mini kati in yanki layi. Kunya ta sa na ba wani almajirin maigidana, yau shekara biyu ban san garin da yake ba, layin kuwa da sunana yake yawo. Ina tunawa gabana ya faɗi.

Ɗalibin Shari'a, Ngaundere

Baba Alhaji, a kan tambayarku ta biyu. Dokar tsarin shari'ar laifuka ta 2005 ta ce ɗan sanda ko jandarma mai bincike ba ya saurare ko naɗar sadarwar mutum sai da rubutaccen izinin mai gabatar da ƙara, kuma a laifin da hukuncinsa ya kai ɗaurin shekara 2. Doka mai lamba 2010/012 ta ranar 21 ga Disamba 2010 kuma ta wajabta wa kamfanonin waya su adana bayanan kira har shekara 10. Wato inda wayarku ta kwana bara da bara waccan yana rubuce. Ni ban ƙi wannan ba, ɗan acaban nan yana da haƙƙi a nemo wanda ya sare shi. Abin da ke damuna shi ne yadda ake karanta takardar. Tana nuna inda waya take, ba ta nuna hannun da ke riƙe da ita, amma na zauna a kotu na ga an ɗauke ta kamar shaidar gani da ido. Duk wanda aka kira a kan irin wannan, ya nemi lauya, lauyan ya duba ko izinin na cikin fayil da kwanan watansa.

Dattijon Domayo

Yaro ka yi magana. Mu a Marwa tun da aka kama Ahmed Abba, wakilin sashen Hausa na RFI, a Yulin 2015, bai fito ba sai Disambar 2017, mutane suka shiga tsoron wayarsu. Ni baƙuwar lamba ba na ɗauka har gobe, kuma na hana yaran gida ara wa baƙo waya a tasha ko da zai ce mahaifiyarsa ce ba lafiya. Yana yi mini ciwo, domin ba haka aka rene mu ba.

Mai Atamfa, Garwa

Na gode ƙwarai, Allah ya saka. Ɗana na Ngaundere, wayar na can a hannunsu a matsayin shaida, ban ma neme ta ba. Amma sunana da ya shiga fayil ɗin, akwai takardar da zan nema mai nuna an sallame ni? Ina son zuwa Umara bayan azumi, ba na son a tsayar da ni a filin jirgi.