Na'urar da ke bin idon yaro, ana samunta a Kano?

Maman Ummi, Kurna:
Assalamu alaikum. 'Yata shekararta 7. Shawara ce ta kama ta tana jaririya, ta taɓa mata ƙwaƙwalwa. Ba ta magana, ba ta zama sai an tokare ta da filo, ga farfaɗiya. Amma tana gane komai. In koko take so sai ta kafe kofin da ido, in ta jiƙe kuma ta ɗage gira. Ni kaɗai na iya karanta ta, duk ranar da na fita unguwa wuni take tana yi wa kakarta kuka. Ƙanina ya ce akwai kyamarar da ke bin ido ta faɗi abin da yaro ke nufi. Gaskiya ne? Ana samu a kasuwar waya ta Farm Centre?

Baban Walid, Hotoro:
Wa alaikumus salam Hajiya, Allah ya ba ta lafiya. Gaskiya ne. Kamfanin Tobii na ƙasar Suwidin ke yin fitattun, suna haska idon da wani haske da mutum ba ya gani, kyamara ta lissafa inda ake kallo a allo. Kuɗinsu ba na talaka ba ne. Ki fara da na kyauta. Tun 2021 wayoyin Android na da Camera Switches, wani tsari na sarrafa waya da motsin fuska, yana gane kallon hagu da dama da sama, murmushi, buɗe baki da ɗage gira. Ita ma iPhone ta samu bin ido a 2024. Sai dai a ɗaki mai duhu ba ya aiki sosai, ki fito da ita tsakar gida cikin inuwa.

Anti Mai Gashi:
Maman Ummi, aikina kenan, gashin ƙashi ga yara irin 'yarki. Kada ki ɗora rai da yawa. Waya tana son kai ya tsaya cak, su kuwa yaran da shawara ta taɓa jikinsu na murɗewa ba da son su ba, sai ta ɗauka umarni ne. Da yawansu kuma kallon sama na yi musu wuya, wasu jinsu ya ragu. A fara gwada mata ido da kunne, a samo kujerar da za ta riƙe mata wuya. Sannan ki ɗaga kofi a dama, 'yartsana a hagu, wanda ta kalla ki ba ta nan take. Ki sa kakarta ta riƙa yi, ita ce ke buƙatar koyo.

Maman Ummi:
Na gode ƙwarai. Kunnen nan ba a taɓa gwadawa ba wallahi. Ranar Litinin muna da gashi a asibitin ƙashi na Dala, zan tambaya. Anti, kujerar nan, kafinta zai iya haɗa ta ko sai an saya?