Musayar Waƙa: Dupont, Daga Castres Zuwa Tuluz

Ɗan Tuluz:
Assalamu alaikum 'yan zaure. Jiya na bi ta gefen filin Ernest-Wallon, gidan kulob ɗin zari-ruga na Tuluz a Faransa, na tarar da yara sanye da riga ja da baƙi, kusan kowa lamba 9 ce a bayansa. Nan take waƙar Antoine Dupont, mai lamba 9 ɗinmu, ta zo mini. Amsa-amon "wa" ne, mai iyawa ya karɓa.

Da sunan Allah nake farawa,
Waƙar ɗan zari-ruga zan rerawa,
A Castelnau-Magnoac ya yi tasowa,
Ƙauye ne, ba birnin taƙama da yawa,
Yana shekara 4 ya fara rugawa.

A 2011 Auch ya yi zuwa,
Cikin matasa yana gogewa,
2014 Castres ta yi ɗaukowa,
2017 Tuluz ta yi karɓowa,
Nan tauraronsa ya yi fitowa.

Mai Shuɗi da Fari:
Wa alaikumus salam. Ƙanena, ka tsallake Castres da layi ɗaya kamar mai tsallake kwata. Wallahi ba za ta saɓu ba.

Ƙanena tsaya, daina gaggawa,
Mai cin tuwo ya tuna mai tuƙawa,
Shekara 3 muna reno da kulawa,
A bayan Rory Kockott yake koyowa,
Sai da ya nuna kuka zo tsinkewa.

Da ya tafi kun ce sai rushewa,
2018 muka kai ƙarshe ba tsayawa,
29 da 13 Montpellier ta yi faɗuwa,
Garkuwar Brennus ta zakaran Faransa mu muka yi ɗagawa,
Gwarzonku na gida yana jinyar gwiwa.

Gwaggon Zaure:
Ni fa jikana ne ke kunna wasan nan, ban taɓa gane kansa ba.

'Ya'yana ku bi da ni a hankali,
Ƙwallo kamar gwanda, ƙarti cike da fili,
Sun haɗa kai kamar raguna, ban ga dalili,
Shi gajeren mene ne aikinsa? Ku ba ni misali.

Ɗan Tuluz:
Gwaggo kin karya mana amsa-amo, amma babba ba ya laifi. Mun bi naki.

Gwaggo, mutum 15 ne kowane gefe a fili,
8 na turereniya, su ne tubali,
Mai lamba 9 na bayansu, ya tara hankali,
Ƙwallo ta fito ya raba ta, shi ne dillali,
Ba a jefa ta gaba, yanzu ka ji usur ɗin alƙali,
Ka dire ta bayan layi, maki 5 a jadawali.

Abin da ya raba Dupont da sauran masu lambar: dama da hagu duk yana bugu da su, kuma ƙaton da ya fi shi nauyi nesa ba kusa ba zai rungumo ya kai ƙasa. Yanzu bari in koma kan Yaya.

Yaya na ji, 2018 taku ce, gaskiya,
To zauna ka ƙirga namu, ban da gajiya,
2019 muka kwantar da Clermont lafiya,
2021 La Rochelle sau biyu ta sha wuya,
Kofin Turai da garkuwa muka haɗa gaba ɗaya.

2024 a Landan, wasan ƙarshe na Kofin Turai, aka yi ranar tsiya,
Leinster ta ƙi faɗuwa, minti 80 ba wanda ya ja baya,
Aka ƙara lokaci, ƙarti na haki da gajiya,
Gajeren nan na ƙwace ƙwallo a tsakiya,
31 da 22, gwarzon wasa shi ne, duk an yi shaida ɗaya.

Bordo kuwa a Marsey, wasan garkuwa na 2024, ina ma jin kunya,
59 da 3, ko a gidan suruki ba a wannan ladabin, Yaya.

Mai Shuɗi da Fari:
Na lura ka ɗauke ƙafa a kan 2023 da 2025. Bari in taya ka tunawa.

2023 La Rochelle na gaba, kun fara addu'a,
Saura minti biyu, magoya baya sun cire sa'a,
Romain Ntamack ya tsaga su, ya yi gudun sa'a,
29 da 26, shi ya fisshe ku a idon jama'a.

2025 kun sake ɗaga garkuwa, na sani,
39 da 33 kan Bordo, kowa ya gani,
Dupont na gefen fili cikin kayan gida, ya ɗan'uwana ka gaya mini,
Shi ya yi Tuluz, ko Tuluz ce ta yi shi? Amsa mini.

Malamin Firamare:
Malam Mai Shuɗi, baitinka na uku ya fi 'yan'uwansa tsawo, amma tambayar ta zauna. Ga nawa gajere.

Tuluz ta koci Ugo Mola rumbu ce cike da hatsi,
Ka ɗebi mudu, ba a ganin gurbi ko matsi,
Amma ranar Leinster, da wuta ta kai ga tsananin ƙunci da cinkoso da matsi,
Wa aka nema? Mai lamba 9, ba a yi musu ba ko gatsi.

A watan Maris na 2025 a Dublin jijiyar gwiwarsa ta dama ta sake tsinkewa, ita ce dai ta 2018, kuma duka biyun a karawa da Ayalan ne, cikin rigar Faransa. Kulob ke biyan albashi, ƙasa ke dawo masa da ɗan wasa a kan sanda.

Mai Shuɗi da Fari:
Malam, ka ce nawa ya yi tsawo, naka na uku har sai da na sha ruwa a tsakiya. Kuma ka maimaita "matsi" sau biyu.

Gwaggon Zaure:
Ni duk kofunanku ban riƙe ko ɗaya ba,
Gwiwar yaron nan ce ba ta bar raina ba,
Ɗan Tuluz, in kun haɗu kada ka ƙi faɗa masa ba,
In Ayalan ce a fili, ya ce Gwaggo ba ta yarda ba.