Katse layukan waya a 2021: wa abin ya fi cutarwa?

Mai buɗe zance: Jama'a, assalamu alaikum. Duk sanda hare-hare suka ƙaru sai ka ji ana cewa a sake katse sabis kamar yadda aka yi a Zamfara ranar 3 ga Satumba, 2021. Waɗanda suka ga yadda abin ya gudana, ku faɗa mana.

Ma'aikacin turakun sadarwa: Wa'alaikumus salam. Kashewa ba ta da wuya, daga cibiya ake yi, ba sai an je gindin turke ba. Dawowar ce aiki. Turken da aka daina kai wa dizal, mai gadi ya gudu, sai ka tarar an kwashe batura da wayoyi. Kuma sabis bai san iyaka ba. Ta wajen Jibiya da Sabon Birni, mai layin Nijar yana hawa tudu ya yi kiransa. Daga baya aka ƙara katse sabis a ƙananan hukumomi 13 a Katsina, 14 a Sakkwato, amma kafin nan mutanen daji sun riga sun matsa.

Tsohon jami'in tsaro: Gaskiya ne, Injiniya. Amfanin katsewa ɗaya ne: infoma ya kasa sanar da daji cewa motocin soja sun fito. Wannan na 'yan kwanaki ne. In ba a shiga dajin cikin kwanakin nan ba, kuma ba a tare hanyoyin fita ba, an yi asara. Ɗan bindiga yana da babur da ɗan aike. Ƙauyen da aka kewaye cikin dare fa? Da ne ake kiran DPO ko 'yan sa-kai na makwabta. Da aka katse, sai wani ya sulale ya yi tafiyar ƙafa, kafin ya isa an gama ta'asa.

Hajiya mai sana'ar hatsi: Ranka ya daɗe, ni a ganina hana sayar da fetur a jarka da rufe kasuwannin mako sun fi ƙuntata wa 'yan bindiga. Har ta kai suna karɓar shinkafa da gero a madadin kuɗin fansa. Sai dai talaka ma ya ji a jikinsa: POS ba ya aiki, ba a tura kuɗi, manomi ga amfani ba inda zai kai.

Direban Gusau zuwa Zariya: Hajiya, su kuma masu fasa-ƙwaurin mai suka samu kasuwa. Da farko mutane Funtuwa suke zuwa don kira ɗaya tak, ita ma aka katse ta.

Tsohon jami'in tsaro: Kuma a cikin wannan rufewar aka kai harin kasuwar Goronyo ta jihar Sakkwato a Oktoba. In za a sake, a haɗa jihohin lokaci guda, a yi magana da Nijar, a bai wa hakimai rediyon oba-oba tun kafin a kashe.