Zoben da aka sa min a tumbi ya zame, inshora ta ƙi biyan tiyata ta biyu

Mai neman shawara (an sakaya suna):

Assalamu alaikum iyayena da 'yan uwana. Ina zaune a Amurka, jihar Teksas. A 2012 aka yi min tiyatar rage ƙiba, irin wadda ake ɗaura zobe a saman tumbi, wato Lap-Band. Akwai wata 'yar ma'ajiya da suka dasa a ƙarƙashin fatar cikina, ta nan likita ke soka allura ya ƙara ruwan gishiri ko ya rage, zoben ya matse ko ya saki. Shekarun farko alhamdu lillahi, na ragu sosai, har aka rage min maganin hawan jini.

Tun bara abu ya juya. Loma biyu uku sai ta tsaya min a ƙirji, dole na tashi na je na amayar. Nama da burodi tuni na haƙura da su. Da dare ƙwannafi ke tashina, wani lokaci ruwa mai tsami ya biyo min ta hanci ina ta tari, har na koma kwana a jingine. An zuƙe ruwan zoben gaba ɗaya, amma sauƙin bai taka kara ya karya ba. Da aka ba ni farin ruwan nan na bariyom aka ɗauki hoto, sai aka ga zoben ya zame, tumbin ya kumburo ta samansa, hanyar abinci ma ta fara faɗi fiye da ƙima.

Likitan tiyata ya ce a cire zoben, a mayar da aikin ya zama baifas, wato a ƙaranta tumbi a haɗa shi kai tsaye da ƙaramin hanji, duk a zama ɗaya. Ofishinsa ya nemi amincewar inshora, sai ga takarda sun ƙi. Wai ma'aunin BMI ɗina, wato awon nauyi gwargwadon tsayi, 33 ne, bai kai 35 ba, kuma ban yi wata shida ina bin tsarin abinci a ƙarƙashin likita ba. To ni da abincin ma ba ya zama, wane tsari kuma zan bi? Inshorar ta wurin aikin maigidana ce. Don Allah wanda ya san hanya ya taimaka. Wallahi na gaji.

Maman 'Yan Biyu (ma'aikaciyar jinya):

Wa alaikumus salam. Sannu 'yar uwa, Allah ya ba ki lafiya. Kafin maganar takarda, ki riƙe wannan: ranar da kika ga ko ruwa ba ya zama, ko ciwo mai tsanani a saman ciki ko ƙirji, ko amai da jini, ko zazzaɓi, ki tafi sashen gaggawa nan take. Zoben da ya zame yana iya shaƙe wani ɓangare na tumbi jini ya daina kai masa. Dokar ƙasar nan tun 1986 ta wajabta wa sashen gaggawa ya duba mutum ya daidaita shi, ba sai an jira izinin inshora ba. Tarin daren nan ma ki gaya wa likita, domin ruwan yana iya shiga huhu.

Anti ta Ofishin Lissafi:

Ƙanwata, kwantar da hankalinki. Aikina ke nan, tura takardun marasa lafiya zuwa kamfanonin inshora, kuma irin wannan ƙin ba shi ne ƙarshen magana ba.

Dalilan da suka ba ki sun nuna min cewa sun auna ki da ma'aunin wadda za a yi wa tiyatar ƙiba karon farko. Wannan sharaɗi na BMI 40, ko 35 tare da ciwo kamar suga ko hawan jini, tsohon ma'auni ne na 1991, kuma har yau shi kamfanoni da yawa ke riƙe da shi, duk da cewa ƙungiyoyin likitocin wannan fanni sun sassauta shi a 2022. Amma ke ba rage ƙiba kika je nema ba. Na'ura ce a jikinki ta samu matsala. Kamfanoni da yawa suna da wani sashe daban a ƙa'idarsu na tiyatar gyara saboda matsala, kuma a nan hoto da binciken likita ake dubawa fiye da nauyi.

Ki kira ofishin likitan ki tambayi mai tura takardu da wace lambar ciwo aka tura buƙatar. Idan lambar ƙiba kaɗai aka sa a gaba, to nan gizo ke saƙar. Matsalar zobe tana da lambarta, K95.09, kuma ita ya kamata ta zo farko. Aikin ma lamba biyu ne: cire zobe da ma'ajiyarsa 43774, baifas ta ƙananan huda 43644. Ki tambaya ko duka biyun aka ƙi ko ɗaya. Sau da yawa mutum yana kuka an hana shi komai, alhali cirewar an amince da ita, juyawar ce aka ƙi.

Sannan ki roƙi likitan ya nemi magana baki da baki da likitan kamfanin. Wannan shi ne mafi sauri, kuma kamfanoni kan ba da 'yan kwanaki ne kawai bayan ƙin, don haka gobe da safe ki kira. In bai yi ba sai ɗaukaka ƙara a rubuce. Kina da kwana 180 daga ranar da takardar ta iso ki, su kuma dole su ba da amsa cikin kwana 30 tunda ba a yi aikin ba tukuna. Idan likita ya rubuta cewa jira zai cutar da ke, awa 72 ne. Kina da haƙƙin su ba ki kwafin fayil ɗinki da ƙa'idar da suka yi hukunci da ita, kyauta. Ki nema, ki karanta, ki sa likita ya amsa ta layi bayan layi.

Abin da za ki haɗa: rahoton tiyatar 2012, nauyinki kafin ita, bayanan duk lokacin da aka ƙara ko aka zuƙe ruwa, hoton bariyom, da sakamakon kyamarar da ake zurawa ta baki in an yi. Duk wanda kika yi magana da shi a waya, ki rubuta sunansa da rana da lambar kiran.

Hajiya Babba:

'Yata, Allah ya yaye miki. Ni dai a ganina da wannan wahalar ta takardu, ba gara ki tafi Masar ko Turkiyya ba? Mutanenmu na zuwa, kuma kuɗin bai kai na nan ba. Dangi su haɗa hannu a wuce wurin.

Maman 'Yan Biyu:

Hajiya, Allah ya ƙara girma, amma a nan ina da ja. Ba wai babu ƙwararru a can ba, akwai. Sai dai tiyata ta biyu ta fi ta farko haɗari, saboda zoben yana barin tabo a jikin tumbi, kuma ɗinki a kan tabo ya fi saurin yoyo. Yoyon nan yana iya bayyana bayan kwanaki, lokacin tana jirgi ko ta dawo. Wasu inshorar kuma ba sa biyan matsalar da ta biyo bayan aikin da ba su amince da shi ba. Ta fara ƙure hanyar nan tukuna.

Baban Gida:

Uwargidana ta sha irin wannan, amma ita zoben cinye bangon tumbi ya yi ya fara shiga ciki. Alamar da muka fara gani wurin ma'ajiyar ne ya yi ja yana ruwa. An cire, aka ce sai wurin ya warke, bayan wasu watanni aka yi ta biyun. Abin da ya ba mu wahala shi ne a tsakanin nan inshora ta ɗauki ta biyun a matsayin sabuwar buƙata. Don haka ƙanwata, idan likitanki yana ganin akwai yiwuwar raba aikin gida biyu, ya rubuta hakan tun yanzu a cikin buƙatar.

Wata 'yar uwa:

Ni tambaya gare ni, me ya sa ba za a cire kawai a bar ta haka ba? Ko a yi mata ɗaya tiyatar da ake yanke tumbi a tsaye?

Maman 'Yan Biyu:

Ana iya cirewa a tsaya nan, wasu haka suke zaɓa. Amma mafi yawa nauyin yana dawowa, ita kuma ga hawan jini. Wadda ake yanke tumbi a tsaye tana iya ƙara ƙwannafi, shi ya sa likitoci kan karkata ga baifas ga mai irin matsalarta. Sai dai ki sani 'yar uwa, bayan baifas bitamin ne har ƙarshen rayuwa, B12 da sinadarin ƙarfe da kalsiyom, kuma an raba ki da magungunan ciwon jiki irin su ibuprofen. Maganar azumi ma ki yi ta da likita tun kafin a sa rana.

Mai neman shawara:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Anti, na kira. Gaskiyarki, lambar ƙiba ce kaɗai aka sa, kuma duka biyun aka ƙi a dunƙule. Likita ya nemi maganar baki da baki. Amma na samo littafin inshorar, na ga an rubuta tiyatar ƙiba sau ɗaya ce a rayuwa. Kuma sun ce min kamfanin da maigida ke wa aiki ne ke biya daga aljihunsa. Jikina ya yi sanyi.

Anti ta Ofishin Lissafi:

Kada ya yi sanyi tukuna. Ki karanta sakin layin har ƙarshe, da wanda ke binsa. Ki duba ko sau ɗayan yana nufin a ƙarƙashin wannan inshorar ne, tunda ta 2012 wataƙila wata ce ta biya, kuma ki duba ko an ware matsalar da ta taso daga tiyata. Ko da ƙa'idar ta tsaya a kan baifas, cire zoben da ya zame magani ne na lalura, ki sa a nemi amincewarsa shi kaɗai kada a riƙe shi saboda ɗayan.

Zan gaya miki gaskiya a kan mataki na gaba. Bayan ɗaukaka ƙara ta cikin gida akwai duba na waje, inda likitoci masu zaman kansu ke yanke hukunci kuma dole kamfani ya bi. Kina da wata huɗu ki nema, amsa cikin kwana 45. Amma wannan yana aiki ne idan gardamar a kan lalura ce. Idan sun koma sun ce kwangila ce ta hana, da wuya ya taimaka.

A nan ne biyan da kamfanin maigidanki ke yi daga aljihunsa zai iya zama alheri. Irin wannan tsari yana ƙarƙashin dokar tarayya ta ERISA ta 1974, hukumar inshorar Teksas ba ta da iko a kai, ƙorafi Ma'aikatar Ƙwadago ta tarayya ake kai wa. Amma tunda kuɗinsu ne, su ke da ikon yin togaciya. Maigida ya je ofishin kula da ma'aikata da wasiƙar likita, ya nemi mai kula da inshorar, ya roƙi a duba a rubuce. Ki turo min hoton shafin nan ta akwatina, ki rufe sunanki da lambar katinki, in karanta miki shi yau da dare.