KEF ko Klipsch? Na saurari duka biyun amma kunnena ya kasa yanke hukunci

Abban_Ummi, Ƙofar Ƙaura:

Assalamu alaikum 'yan uwa. Na daɗe ina tara 'yan kuɗi don in canza sifikun falona, sai Allah ya haɗa ni da wani abokin aiki a GRA da ke da KEF LS50 da kuma Klipsch RP-600M, duk na hannu ne amma tsaf suke, kuma ɗaya zai saida. Ran Asabar bayan la'asar na je gidanshi muka jona su da amfilifayarshi Yamaha A-S801 muna ta canzawa. Wallahi ana sa Klipsch ɗin na ji kamar makaɗin ya shigo falon da kanshi, kalangu na bugu har cikin ƙirjina, da muka maida KEF sai na ji ta yi sanyi kamar an lulluɓe ta da bargo. A nan take na ce Klipsch nike so. To mutumin kirki ne, ya ce in kwashi duka biyun in yi sati da su tukuna.

A gida kuma sai labari ya sha bamban. Klipsch ɗin minti ashirin kunnena ya fara zafi, in na sa karatun Alƙur'ani duk inda sinun ko shinun suka zo sai in ji kamar ana tsira mani allura, Maman Ummi ma sai da ta leƙo daga kicin ta ce in rage. Ita KEF muryar mai karatu tsaye take cak a tsakiyar falo, har jan numfashinshi ina ji, amma bes ɗinta bai cika mani ɗaki ba. Amfilifayata Marantz PM6007 ce, wat 45. Mi ya jawo haka, kuma wacce zan ɗauka? Jumma'a zan maida ɗaya.

Injiniya_KT:

Wa alaikumus salam Abban Ummi. Tambaya ɗaya, da kuna canzawa a gidan abokinka kun taɓa bolum ko a wuri ɗaya kuka bar shi? In a wuri ɗaya ne to ba gwaji kuka yi ba. KEF LS50 a takarda desibel 85 take badawa (desibel shi ne ma'aunin ƙarfin ƙara), ita Klipsch kamfanin ya rubuta 96, waɗanda suka auna da kansu sun samu ƙasa da haka amma duk da haka ta fi KEF ƙara nesa ba kusa ba saboda ƙahon nan da ke gaban ƙaramar sifikarta ta sama. Shi kuma kunnen ɗan Adam duk abin da ya fi ƙara shi yake ɗauka ya fi daɗi, don in sauti ya yi ƙasa bes ne ke fara ɓace mashi. Kuma ka sani duk ƙarin desibel 3 sai ka ninka wat, shi ya sa KEF ta fi jan amfilifaya, wat 100 na Yamaha da 45 naka ba ɗaya ba ne gare ta.

Ga abin da za ka yi. Sauke manhajar auna ƙara a wayarka, aje wayar daidai inda kanka ke kasancewa in ka zauna kan kushin, kunna ƙarar gwajin nan mai shuuu da ake ce ma pink noise, ka daidaita kowace sifika ta bada lamba iri ɗaya a manhajar, ka manna ɗan salatif a jikin bolum ɗin don kar ka mance wurin kowace. Sannan ka samu wani ya riƙa canza maka wayar sifika kai kuma ka rufe ido. Amma a kashe amfilifaya kafin a cire waya, kar bakin wayoyin su haɗu.

Dattijo_Daura:

Injiniya ya yi gaskiya amma ni ina ganin rabin matsalar ɗakin ne ɗana. Falonka tayil ne ko? Da silin POP da tebur na gilashi a tsakiya? Tsaya tsakiyar falon ka tafa hannu sau ɗaya da ƙarfi, in ka ji wani zirrr ya biyo bayan tafin to ba sifika kake saurare ba, bango kake saurare. Ni shekara ukku ke nan ina amfani da Wharfedale Linton, da na fara kawo ta sai da na yi nadama, ashe ɗakin ne fayau. Na shimfiɗa kafet mai kauri tsakanina da ita, na sa labule mai nauyi a taga, na jawo ta daga bango kamar kamu ɗaya da rabi tunda hucinta ta baya yake fita, sai ga gurmi yana fita da ɗuminshi har kana jin yatsa na goge tsirkiya. Naka duka biyun su ma ramin iskarsu a baya yake, in ka matsar da KEF kusa da bango kaɗan bes zai ƙaru, in ka manna ta kuma sai ya koma gunji. Kuma kar ka aza su a kan kantar talabijin, su tsaya daidai tsayin kunnenka.

Sai kuma abin da kake sawa. Tsofaffin waƙoƙinmu yawanci daga kaset aka juyo su, aka matse su MP3, aka yi ta turawa a WhatsApp, sifika mai kyau ba ta gyara wannan, tona mashi asiri ma take. Ka nemi faifan CD ko guda biyu ne da aka ɗauka da kyau, waɗanda ka sani kamar yunwar cikinka, da su za ka gwada. Ni dai ban yarda da gwajin minti biyar ba ko da an auna, wadda ka iya zama da ita daga isha'i har sha ɗaya ba ka ji kana son kashewa ba ita ce taka.

Sadiq_Layout:

Yayana ni wuta kawai zan tuna maka. Duk kayan da zaka saya na hannu duba bayanshi, na Amurka 120V ne mu kuma 230V muke, na taɓa jona wata amfilifaya ba tare da na duba ba, hayaƙi kawai na gani. Kuma in da inbata kake amfani ka tabbata pure sine wave ce, wato mai bada wuta sumul irin ta NEPA, in ba haka ba taransifomar ciki za ta riƙa huuum ka zaci sifika ce ke da matsala.

Abban_Ummi, Ƙofar Ƙaura:

Allah ya saka maku da alheri. Injiniya bolum kam ba mu taɓa ba, gaskiyarka. Baba na Daura na tafa kuma zirrr ɗin na nan, falon abokina kuwa kafet ne bango zuwa bango, yanzun na gane. Jiya da dare na ɗauko kafet ɗin ɗaki na shimfiɗa, na fidda teburin gilashin, ƙanena ya yi ta canza mani waya ina rufe da ido. Sau shida muka yi, a karatu da murya KEF na zaɓa duka, a kiɗan kalangu kuma sau biyu hannuna ya nuna Klipsch, kuma zafin kunnen ya ragu sosai. Zuciyata ta fi karkata ga KEF tunda karatu na fi sawa, abin da ya rage mani shi ne bes ɗin nan. Injiniya, in ƙara mata sabufa, wato sifikar bes, ko in fara canza amfilifaya? Kuɗin ɗaya kawai gare ni a bana.